Nginx a bakin ƙofa, Django a kicin: yadda na raba wa saba aiki bayan shafina ya ba ni kunya

Tun da na saki bidiyon nan kan ƙananan saba na haya, waɗanda ake biya kuɗi kaɗan a wata, tambaya ɗaya ce take ta dawowa: na kama saba, na ɗora manhajata, to me ya sa shafin ya fito tsirara, ba launi ba hoto, rubutu zalla kamar takardar jarrabawa? A bidiyo ba zan iya tsayawa minti biyar a kan layin saiti guda ba, kowa guduwa zai yi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Kuma bari in fara da tona wa kaina asiri, don ni ma a wurin nan na faɗi.

Bara, ina tsakiyar zangon karatuna na biyu a nan Jamus, samarin unguwarmu a Kumasi suka nemi in yi musu shafin rajista na darasin hutu da suke shirya wa yaran da za su zana BECE. Abu ne mai sauƙi: suna, makaranta, lambar wayar uba ko uwa, sai hoton fasfo. Na rubuta shi da Django, a laftof ɗina yana tafiya sumul. Na kama saba mai furosesa ɗaya da RAM giga ɗaya a Frankfurt, na kunna Gunicorn da ma'aikata uku kai tsaye a ƙofa ta 80, na mayar da DEBUG zuwa False kamar yadda kowa yake cewa a yi. Nan take launi ya ɓace. Ƙarfe ɗayan dare ne, ga lacca da safe. Sai na yi abin da bai kamata ba: na ƙara layin nan a urls.py da ke sa Django ya riƙa miƙa fayiloli da kansa, wanda ba ya aiki sai DEBUG yana True, na mayar da shi True ɗin, launi ya dawo, na kwanta ina ganin na yi dabara.

Da safe aka watsa adireshin a guruf-guruf na WhatsApp. Kafin in fito daga lacca shugaban samarin ya kira ni har sau huɗu. Da na ɗauka ya ce, "Injiniya, shafin naka fa juyawa kawai yake, iyaye sun cika ni da waya." Wannan ma da sauƙi. Abin da ya sa gumi ya karyo mini shi ne hoton allo da wani ya turo: shafin kuskure na Django, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, ɗauke da layukan kod ɗina, da hanyoyin foldodina, da saitina. Django yana ɓoye duk saitin da sunansa ke da kalmomi irin su SECRET ko PASS, amma sauran duk a fili suke. A sabar da ke riƙe da hotuna da lambobin wayar 'ya'yan mutane.

Matsalolin biyu tushensu ɗaya: na ɗora wa mai dafa abinci aikin tsaron ƙofa.

Abu iri biyu ne saba take miƙawa

Ka tuna teburin mai shayi. Burodi yana nan a jere, ka ce a ba ka, a miƙo maka. Ƙwai kuwa sai an tambaye ka guda nawa, da albasa ko babu, sannan a fasa a soya, naka daban na wanda ke gefenka daban. Shafin intanet ma haka yake. Fayil ɗin CSS, da JavaScript, da tambari, da salon harufa, duk wanda ya nema abu ɗaya zai samu, suna kwance a faifai tun kafin ya zo. Su zan riƙa kira ajiyayyun fayiloli. Shafin da ke cewa "rajistarka ta shiga, lambarka 47" kuwa babu shi a ko'ina sai lokacin da aka nema: sai kod ya gudana, ya leƙa rumbun bayanai, ya haɗa amsa. Wannan shi ne na nan-take.

Gunicorn mai soya ƙwai ne. Irin ma'aikatansa na asali, waɗanda kake samu in ba ka canza komai ba, kowane ɗaya buƙata guda yake ɗauka, ba ya duba wata sai ya gama da ita. Littafin Gunicorn ya ba da shawarar ka ninka yawan furosesa sau biyu ka ƙara ɗaya, shi ne ni na samu uku. To yanzu ka ƙaddara uwa tana ɗora hoton ɗanta mai mega huɗu daga waya, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Duk tsawon lokacin da hoton yake tafiya, ma'aikaci ɗaya yana tsaye yana jira, ba ya aikin komai. Mutum uku irinta, an gama, na huɗu ko shafin farko ba zai gani ba. Kuma Gunicorn yana kashe ma'aikacin da ya wuce daƙiƙa 30 bai motsa ba, ya ta da sabo, hoton da aka kusa gama ɗorawa ya tafi a banza, data ta ƙone. Ga shi kuma kowane buɗe shafi yana jawo CSS da tambari da sauransu, dukkansu ta hannun waɗannan ukun dai.

Aikin da aka ƙirƙiri Nginx dominsa ke nan. Igor Sysoev, wani injiniya ɗan Rasha, shi ya rubuta shi, ya sake shi ga jama'a a 2004, kuma damuwarsa ita ce yadda saba ɗaya za ta riƙe mutum dubu goma a lokaci guda ba tare da ta durƙushe ba. "Enjin-eks" ake furta sunan, ni na shekara ina cewa "nginks" kafin wani ɗan ajinmu ya gyara mini. Ba ya ware ma'aikaci ga kowane baƙo. Ma'aikacinsa ɗaya yana zagaya dubban baƙi, duk wanda saƙonsa ya iso ya kula shi, wanda nasa bai iso ba ya wuce shi. Don haka mai jinkirin netwok ba ya tsare kowa. Nginx zai karɓi hoton nan a hankali har ya kammala, sannan ya miƙa wa Gunicorn gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ajiyayyun fayiloli kuma shi zai ɗauko daga faifai da kansa, Python ma ba zai san an zo ba. Apache, wanda ya girme shi, tun 1995 yake, shi ma yana iya wannan aikin. Na zaɓi Nginx ne don saitinsa ya fi karantuwa a idona, kuma ba ya cin RAM.

Saitin da kansa

A Ubuntu, bayan ka girka Nginx, ka buɗe sabon fayil a /etc/nginx/sites-available/rajista ka rubuta:

    server {
        listen 80;
        server_name example.org;
        client_max_body_size 8m;

        location /static/ {
            alias /srv/rajista/static/;
            expires 30d;
        }

        location / {
            proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
            proxy_set_header Host $host;
            proxy_set_header X-Forwarded-For $proxy_add_x_forwarded_for;
            proxy_set_header X-Forwarded-Proto $scheme;
        }
    }

Ka haɗa shi zuwa sites-enabled da ln -s, ka cire na default da ya zo da shi, in ba haka ba za ka yi ta ganin shafin maraba na Nginx kana mamaki. Shi kuma Gunicorn ya koma ciki:

    gunicorn rajista.wsgi --workers 3 --bind 127.0.0.1:8000

Wannan 127.0.0.1 ɗin ba ado ba ne. Ma'anarsa daga cikin na'urar kaɗai ake iya yi masa magana. In ka rubuta 0.0.0.0 ka bar ƙofar baya a buɗe, kowa zai iya tsallake Nginx ya shiga ta 8000. Ka kuma sa shi ƙarƙashin systemd, don in saba ta sake tashi ya tashi tare da ita.

A ɓangaren Django abu biyu ne: ka saita STATIC_ROOT zuwa /srv/rajista/static, sannan ka buga python manage.py collectstatic. Umarnin nan yana tattaro ajiyayyun fayiloli daga ko'ina, har da na shafin admin, ya zuba su a folda ɗaya. Amsar tambayar shafi tsirara ke nan. Django da gangan yake daina miƙa su in DEBUG ya zama False, yana sa ran akwai wani a bakin ƙofa da zai yi.

Yadda Nginx ke yanke hukunci kuwa: in buƙata ta zo, yana duba duk location ɗin da farkon adireshin ya dace da su, ya ɗauki mafi tsawo. /static/css/salo.css ya dace da / ya kuma dace da /static/, na biyun ya fi tsawo, shi ya ci. Ba ruwansa da wanda ka fara rubutawa. Wannan dokar tana canzawa ne in ka shigo da location mai alamar ~, su bi da bi ake duba su daga sama, kuma wanda ya fara dacewa yana ƙwace buƙatar daga hannun mafi tsawon, sai dai in ka sa wa mafi tsawon alamar ^~. Shawarata, in ba dole ba ka bar masu ~ ɗin nan tukuna.

Alamar / guda ɗaya

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ake jin ciwo. Umarni biyu ne ke nuna wa Nginx inda fayiloli suke, root da alias, kuma ba iri ɗaya suke lissafi ba. Shi root yana ɗaukar adireshin gaba ɗaya ya liƙa a bayan foldar da ka ba shi. In ka ce root /srv/rajista a cikin location /static/, zai nemi /srv/rajista/static/css/salo.css, daidai. In ka ce root /srv/rajista/static, zai nemi /srv/rajista/static/static/css/salo.css, ya ba ka 404, kai kuma kana rantsuwa fayil yana nan. Shi alias yana cire ɓangaren location ɗin ne ya sa foldar a madadinsa.

To dubi wannan, wanda za ka samu a darussa da yawa a intanet:

    location /static {
        alias /srv/rajista/static/;
    }

Bambancinsa da nawa alamar / ce guda a ƙarshen /static. Shafi zai yi aiki lafiya lau, ba za ka ga komai ba. Amma in wani ya nemi /static../rajista/settings.py, Nginx zai cire /static, abin da ya rage shi ne ../rajista/settings.py, ya liƙa a bayan foldar. Ɗigo biyun nan na nufin koma baya mataki ɗaya. Ya fita daga foldar static ke nan, ya shiga inda kod ɗinka yake, ya miƙa fayil mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayananka ga wanda bai ko yi rajista ba. Wani mai binciken tsaro ɗan Taiwan da ake kira Orange Tsai ya nuna wannan a taron Black Hat na 2018 a Amurka, kuma har yau ana samunsa a sabobi. Dokar gajeriya ce: in alias ya ƙare da /, location ma ya ƙare da /.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne a sa root a kan foldar aikin gaba ɗaya, a ce wa Nginx in ya ga fayil ya miƙa, in bai gani ba ya tura wa Django. Ga shi kamar wayo. Amma a foldar nan akwai .env, akwai .git, wataƙila har db.sqlite3, kuma a wurin Nginx duk fayil fayil ne. Ka buɗe rahoton shigowa na kowace saba da ta kwana biyu a intanet, za ka tarar da na'urori masu sintiri suna neman /.env dare da rana. Ba kai suke nema ba, kowa suke gwadawa. Ni foldar da na nuna wa Nginx, na ɗauka duk abin da ke cikinta na riga na manna shi a bango a bakin kasuwa.

Wannan ya kawo mu ga hotunan yaran. Hoton fasfo ajiyayyen fayil ne, ba ya canzawa, amma ba na kowa ba ne. In na buɗe location /media/ kamar yadda na buɗe /static/, duk wanda ya canki sunan fayil zai ga hoton ɗan wani. In kuma na bar wa Django ya riƙa karantowa yana turawa, na koma gidan jiya. Mafita tana tsakiya, kuma ita ce abin da ya fi burge ni a Nginx:

    location /sirri/ {
        internal;
        alias /srv/rajista/media/;
    }

Kalmar internal tana sa duk wanda ya nemi /sirri/ daga waje ya samu 404. Malami zai nemi hoto ta adireshin Django, Django ya duba ko ya shiga da kalmar sirri kuma yana da izini, in haka ne ya mayar da amsa marar komai a ciki, sai kan saƙo guda: X-Accel-Redirect: /sirri/hotuna/47.jpg. Nginx yana ganin wannan zai ɗauko hoton ya miƙa da kansa. Django ya yi hukunci, Nginx ya ɗauki kaya.

Layukan da ake kwafa ba a san amfaninsu ba

Su proxy_set_header ukun nan, kowanne yana da ranar da zai cece ka. Tunda yanzu Nginx ne ke magana da Django, in ba ka miƙa Host ba Django zai ɗauka sunan shafin 127.0.0.1:8000 ne, ya duba ALLOWED_HOSTS bai gani ba, ya ce 400. In ba X-Forwarded-For, kowane baƙo zai bayyana kamar daga cikin gida ya fito, ranar da wani ya dame ka da rajistar ƙarya ba ka da adireshin da za ka toshe. Na ukun sai ka sa HTTPS zai nuna kansa. Ka buga certbot --nginx, ka samu takardar shaida ta Let's Encrypt kyauta, wadda Certbot ke sabuntawa da kansa. Sai ka ce wa Django ya tura kowa zuwa HTTPS. Amma tsakanin Nginx da Gunicorn HTTP ne tsurarsa, don haka Django yana ganin kowace buƙata a matsayin marar tsaro, ya tura ta HTTPS, ta dawo, ya sake turawa, har burauza ta gaji ta ce juyin ya yi yawa. Maganin shi ne wancan layin, tare da saita SECURE_PROXY_SSL_HEADER a Django don ya yarda da shi.

client_max_body_size kuwa, in ba ka rubuta ba Nginx mega ɗaya kawai yake karɓa. Hoton wayar zamani ya wuce haka. Sakamakon shi ne 413, kuma tunda buƙatar ba ta isa Django ba, ba za ka ga alamarta a rahotonsa ba.

Sai expires 30d, wanda ke ce wa burauza ta riƙe fayil ɗin kwana 30 kada ta sake tambaya. Mu da masu ziyararmu suke nesa da sabobinmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga Frankfurt zuwa Kumasi kusan kilomita 5,000 ne a miƙe, haske a cikin wayar gilashi yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato zuwa da dawowa ba zai yi ƙasa da kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, ko da wayar a miƙe take, alhali ta teku take zagayowa. Ka ƙara jinkirin netwok ɗin waya a kai. Duk fayil ɗin da ba a sake nema ba, tafiya ce aka huta, data ce ta rage a wayar mutum. Illarsa ɗaya: in ka gyara CSS, tsofaffin baƙi za su ci gaba da ganin na da. Django yana da ManifestStaticFilesStorage da ke liƙa wa sunan kowane fayil wasu haruffa da aka lissafo daga abin da ke cikinsa, da ka canza ko waƙafi suna ya canza, burauza ta ɗauko sabo. Ka kuma leƙa /etc/nginx/nginx.conf: a Ubuntu gzip a kunne yake, amma layin gzip_types a rufe yake da alamar #, don haka HTML kaɗai ake matsewa. Ka buɗe shi CSS da JavaScript su ma su shiga. Hotunan JPEG kada ka wahalar da kanka, a matse suke tun asali.

Masu PHP da WordPress, tsarin ɗaya ne, sunaye ne suka canza: PHP-FPM a madadin Gunicorn, fastcgi_pass a madadin proxy_pass. Amma ku haɗarinku ya fi, domin kod ɗinku da ajiyayyun fayilolinku a folda ɗaya suke zaune. In location na .php ya ɓace, Nginx zai ɗauki wp-config.php a matsayin fayil kamar kowane, ya bari a sauke shi. Kuma ku hana gudanar da PHP a cikin foldar uploads, don kada wani ya ɗora muku kod da sunan hoto.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, ga WhiteNoise da ke sa Django ya miƙa ajiyayyun fayiloli da kyau, ga Caddy da ke kawo HTTPS da kansa da layi uku. Gaskiya ne, kuma in a dandalin da ba a ba ka ikon taɓa saba kake ba, WhiteNoise ɗin shi ne daidai. Amma ba ya kula da fayilolin da mutane ke ɗorawa, ba ya kuma kare Gunicorn daga masu jinkirin netwok, wanda shi ne ainihin abin da ya kayar da ni. Caddy ba ni da ta cewa a kansa, yana da kyau. Ni dai duk sabar da na gada a wurin aiki ko a jami'a Nginx nake tararwa, gara hannuna ya saba da shi.

In abu ya ƙi, lambar kuskuren tana faɗa maka wanda za ka tuhuma. 502 na nufin Nginx ya ƙwanƙwasa Gunicorn bai amsa ba, ko ya mutu ko ba a ƙofar yake ba. 504 yana raye amma ya wuce daƙiƙa 60 bai ce komai ba. 403 a kan fayil ɗin da kake gani da idonka, izini ne: Nginx yana aiki da sunan www-data, kuma tun daga Ubuntu 21.04 foldar gida ta kowane mai amfani a rufe take ga wasu. Wannan ya ci mini awa guda a daren da nake gyara, ina ta duba saiti alhali aikin ne na ajiye a /home. Shi ya sa ka ga /srv a duk misalan nan. Kada ka buga chmod 777 don haushi, ka matsar da foldar. Kuma /var/log/nginx/error.log yana rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗin da ya nema ya rasa, da na fara dubawa can da na huta.

A daren nan, bayan na gama, na canza SECRET_KEY da kalmar sirrin rumbun bayanai duk da ban ga alamar an taɓa su ba, na tura wa shugaban samarin saƙo a sake gwadawa. Sabar dai ita ce, giga ɗayan nan, ma'aikata ukun nan, har aka rufe rajista ba ta sake tsayawa ba.

Yanzu duk lokacin da na taɓa saiti, nginx -t nake fara bugawa, in ya ce lafiya sannan systemctl reload nginx, wanda ba ya yanke wa waɗanda ke kan shafi. Daga nan sai in koma laftof, ba cikin sabar ba, in gwada abu huɗu da curl -I: fayil ɗin CSS, in ga 200 da Cache-Control, /.env, in ga 404, /sirri/hotuna/47.jpg, in ga 404, sai /static../manage.py, shi ma 404. Na ƙarshen ka haɗa masa da --path-as-is, don ka tabbata curl ya aika adireshin yadda ka rubuta shi.